FADA DAMIYAN NA MOLOKAYI DA MA'ANAR SADAUKAR DA KAI

Gabatarwa

Akwai wasu kalmomi da bakinmu ya saba da su ƙwarai, har mun daina tsayawa mu auna nauyinsu. Ɗaya daga cikinsu ita ce sadaukarwa. Da wuya a yi bikin ba da kyaututtuka, ko liyafar ban kwana da wani malami, ko jana'izar wani dattijo, a tashi ba a ji mai jawabi ya ce wane ya sadaukar da kansa ba. Ɗalibin da ya gama rubuta kundin bincikensa yakan ware shafi guda a farko, ya sa masa suna Sadaukarwa, ya ambaci iyayensa a ciki. A filin gaishe-gaishe na rediyo ma sai ka ji saurayi ya sadaukar da waƙa ga abokansa, alhali ba shi ya yi waƙar ba, ko kwabo kuma bai kashe a kanta ba.

Ba laifi ba ne a yi amfani da kalma a kan ƙananan abubuwa. Amma kwabon da ya daɗe yana yawo daga hannu zuwa hannu, rubutun da ke jikinsa yakan goge. Saboda haka na ga ya dace mu ɗan tsaya mu dubi ma'anar wannan kalma, sa'an nan mu gwada ta a kan rayuwar wani mutum wanda ya rasu tun shekarar 1889, wato Fada Damiyan, limamin Katolika wanda ya yi shekara 16 a cikin kutare a tsibirin Molokayi.

Ma'anar kalmar

Sadaukarwa 'yar'uwar sadaka ce. In aka ce mutum ya sadaukar da hatsinsa, ana nufin ya ba da shi sadaka. Sadaka kuwa tana da sharuɗɗa waɗanda kowa ya sani ko bai shiga aji ba. Na ɗaya, abin da ka bayar ya zama naka ne. Na biyu, ba ka jiran wanda ka ba ya biya ka. Na uku, in abin ya bar hannunka ya bari ke nan. Wannan ne ya bambanta ta da aro, da ajiya, da jingina, da kuma bikin da mata suke yi wa juna, wanda ake riƙewa a zuci har ranar ramawa. Wanda ya ba da sadaka ya dawo yana nemanta, sai a ce ya lashe amansa.

Daga hatsi da kuɗi kalmar ta faɗaɗa. Mukan ce wani ya sadaukar da filinsa domin a gina makaranta, wata ta sadaukar da lokacinta wajen jiyyar surukarta, soja ya sadaukar da ransa saboda ƙasarsa. Ƙololuwar abin ita ce sadaukar da kai, inda mai bayarwa shi kansa ne abin da aka bayar.

Ya kamata kuma mu raba ta da maƙwabtanta, irin su ƙwazo, da himma, da naci, da duƙufa. Ɗan kasuwar da yake sammako yana da ƙwazo, ɗalibin da yake kwana a kan littafi ya duƙufa. Duka halaye ne masu kyau, amma ribarsu gida take komawa. Ita sadaukarwa, wani ne yake cin moriyarta. Da wannan ma'auni a hannu, bari mu shiga tarihin.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Fada Damiyan ran 3 ga Janairu, 1840, a wani ƙauye mai suna Tiremelo a ƙasar Beljiyam. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Jozef De Veuster, wato Yusufu ke nan da bakinmu. Shi ne ɗa na bakwai a gidan. Mahaifinsa manomi ne, yana kuma taɓa cinikin hatsi. Yusufu ya bar makaranta yana ɗan shekara 13 domin ya taimaka a gona, ya tashi ƙaƙƙarfan saurayi wanda aikin hannu ba ya ba shi tsoro.

Burin mahaifinsa shi ne yaron ya gaji cinikin, don haka ya tura shi wata makaranta a yankin da ake jin Faransanci, gama harshen gidansu daban ne. Amma zuciyar Yusufu tana wani wuri. Yayyensa mata biyu sun riga sun zama sistoci, wansa kuma, wanda aka sani da Pamfil, ya shiga ƙungiyar Zukata Masu Tsarki na Yesu da Maryamu. A shekarar 1859, yana da shekara 19, Yusufu ya bi sawun wansa zuwa gidan ƙungiyar a birnin Luven. A can ya ɗauki sunan Damiyan, sunan wani likita Kirista na zamanin da wanda aka kashe saboda bangaskiyarsa.

Da farko shugabanni ba su ga alamar zai iya zama limami ba, domin karatunsa bai yi zurfi ba, ba ya kuma jin Latin. Sai ya duƙufa, wansa yana koya masa, har suka sake shawara suka bar shi ya shiga karatun limanci. Wannan naci ne, abin yabo ne kuma, amma ba mu kai ga sadaukarwa ba tukuna.

Tafiya zuwa Hawayi

A shekarar 1863 aka zaɓi Pamfil cikin waɗanda za a aika tsibiran Hawayi, can tsakiyar tekun Fasifik. Ana cikin shiri sai zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi. Damiyan ya rubuta wa babban shugaban ƙungiyar a Faris, ya roƙa a bar shi ya tafi a madadin wansa, ko da yake ba a naɗa shi limami ba tukuna. Aka yarda masa.

Jirgin ruwansu ya yi kusan wata biyar a hanya, ya zagaya ta ƙarshen kudancin nahiyar Amurka, ya isa Honolulu ran 19 ga Maris, 1864. Ran 21 ga Mayu na wannan shekara aka naɗa shi limami. Tun daga ranar da ya bar gida bai sake ganin iyayensa ko ƙasarsa ba.

A lokacin Hawayi masarauta ce mai sarkinta, sai a 1959 ta zama jiha a cikin Amurka. Damiyan ya yi shekara tara yana aiki a tsibiri mafi girma na masarautar. Ya koyi harshen mutanen, yana bin ƙauyuka a ƙafa da kan doki, yana gina ƙananan majami'u da hannunsa. A cikin waɗannan shekaru ne ya riƙa ganin ana zuwa ana kama wasu daga cikin 'yan ikilisiyarsa, a sa su a jirgi, ba a ƙara jin ɗuriyarsu.

Ciwon da ke raba dangi

Mutanen Hawayi sun daɗe a keɓe a tsakiyar teku, jikinsu bai san cututtukan sauran duniya ba. Da jiragen baƙi suka fara zuwa, sai agana, da mura mai tsanani, da tarin shiƙa, da sauransu suka yi musu mummunar ɓarna. A ƙidayar 1872 duk mutanen masarautar ba su kai dubu 60 ba. A cikin wannan hali ne kuturta ta bayyana tana yaɗuwa, ba wanda ya san maganinta.

Tsoro ya sa a 1865, zamanin Sarki Kamehameha na Biyar, aka kafa doka cewa duk wanda aka samu da ciwon a keɓe shi. Wurin da aka zaɓa wani ɗan yanki ne a arewacin tsibirin Molokayi, wanda ya kutsa cikin teku kamar harshe. Ruwa ya kewaye shi ta gefe uku, ta gefe na huɗu kuma dutse ne miƙaƙƙe mai tsawon fiye da mita 500. Akwai ƙauyuka biyu a wurin, Kalawawo da Kalaupapa. A watan Janairu na 1866 aka sauke rukunin farko, mutum 12. Kafin a soke dokar a 1969, an kai mutane wajen 8,000.

Mutanen ƙasar sun sa wa kuturta wani suna a harshensu mai ma'anar ciwon rabuwa, gama abin da ya fi yi musu zafi shi ne raba miji da mata, da raba uwa da ɗanta. Hukumar Lafiya ta masarautar ta zaci majiyyatan za su yi noma su ciyar da kansu. Amma yaya wanda yatsunsa suka lalace zai riƙe fartanya? Abinci ya yi ƙaranci, ruwa yana da nisa, ba likita zaunanne, bukkoki kuma ba sa tare ruwan sama. Masu sauran ƙarfi suka riƙa danne raunana, wasu suka koma dafa barasa domin su manta da halin da suke ciki. Wanda ya mutu akan binne shi sama-sama, har aladu da karnuka su tone.

Aron da ya zama sadaka

A farkon watan Mayu na 1873 Bishop Louis Maigret ya tara limamansa, ya yi musu maganar Molokayi. Bai so ya tilasta wa kowa ba, domin ya san aika mutum can kamar yanke masa hukuncin kisa ne. Limamai huɗu suka miƙa kansu, aka shirya za su riƙa yin karɓa-karɓa, kowa ya yi ɗan lokaci ya dawo. Damiyan ne aka fara turawa. Ya sauka ran 10 ga Mayu, 1873, yana da shekara 33, ya tarar da majiyyata ɗari shida ko fiye.

Bai yi kwanaki da yawa ba sai ya rubuta wa shugabansa cewa mutanen nan suna bukatar limami nasu na dindindin, shi kuma a shirye yake ya zauna. Ɗalibai, a nan ne zuciyar tarihin take. Shirin da aka yi shi ne a ba mutanen Molokayi aron limami. Damiyan ya mai da aron sadaka. Ya san abin da ya gani, ya san ba magani, ya kuma san ƙofar komawa a buɗe take ba tare da kowa ya zarge shi ba. Shi da kansa ya rufe ta.

Makonnin farko ba shi da ɗaki, a gindin wata itaciya kusa da 'yar majami'ar Filomina yake kwana. Shi kansa ya bayyana daga baya cewa warin gyambuna ya dame shi ƙwarai, har ya koyi shan lofe domin hayaƙin taba ya rage masa. Mai sadaukarwa ba dutse ba ne. Yana jin ƙyama da tsoro kamar kowa, sai dai ba su suke yi masa jagora ba.

Ayyukansa

Damiyan bai tsaya kan wa'azi da addu'a kaɗai ba. Ya ga cewa wanda ruwan sama yake dukansa a cikin bukka yana bukatar rufi, don haka ya ɗauki guduma da zarto. Tare da majiyyatan da suke da sauran ƙarfi ya gina ɗaruruwan ƙananan gidaje na katako. Suka ja ruwa da bututu daga kwari zuwa ƙauye, suka gyara hanya, suka yi lambuna. Ya faɗaɗa majami'a, ya kafa gidajen marayu na yara maza da na mata. Yana wanke gyambuna yana ɗaure su, yana kuma damun Hukumar Lafiya da wasiƙu a kan abinci, da tufafi, da magani.

Ya kula da matattu kamar yadda ya kula da rayayyu. Ya kewaye maƙabarta da shinge, yana ƙera akwatunan gawa da hannunsa, yana haƙa kaburbura. Ya kafa ƙungiyoyin jana'iza, da ƙungiyar mawaƙa, da 'yan badujala, domin wanda ya mutu a raka shi da mutunci, wanda yake da rai kuma ya san ba za a jefar da shi kamar mushe ba.

Amma abin da ya fi shiga zuciyar mutanen shi ne bai guje su ba. Babban abincin Hawayi wani irin tuwo ne mai laushi da ake yi da gwaza, ana zubawa a ƙwarya ɗaya kowa ya sa hannu. Damiyan yakan zauna a tabarma ya sa hannu tare da su. Mu da muka san darajar cin tuwo a kwano ɗaya ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan. Mutanen da duniya ta ƙi taɓawa sun sami wanda yake cin abinci da su.

Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne kaɗaici. Bisa ga koyarwar Katolika, limami ma yana bukatar ya furta zunubansa ga limami ɗan'uwansa. A shekararsa ta farko hukuma ta hana shi fita daga wurin. Wata rana shugabansa ya zo a jirgin ruwa, aka hana shi sauka, aka kuma hana Damiyan hawa. Sai ya shiga kwalekwale ya matso kusa da jirgin, ya ɗaga murya ya furta zunubansa da Faransanci, fasinjoji suna kallo.

A 1881 Gimbiya Liliyuwokalani, wadda take riƙon sarauta sa'ad da wanta Sarki Kalakauwa ya yi tafiya, ta ziyarci wurin. Abin da ta gani ya sa ta kasa yin jawabin da ta shirya. Bayan ta koma aka ba Damiyan lambar girma ta masarautar, labarinsa ya fara bazuwa a Turai da Amurka.

Ranar da bai ji zafi ba

A watan Disamba na 1884 ya tsoma ƙafarsa cikin tafasasshen ruwa ba da sani ba. Fatar ta yi bororo, amma bai ji kome ba. Mutumin da ya yi shekara 11 yana jiyyar kutare bai bukaci a fassara masa wannan ba, gama kuturta jijiyoyi take fara kashewa, har mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba. Likitoci suka duba shi suka tabbatar.

Bai nemi a mai da shi gida ba, bai kuma nuna nadamar zuwansa ba. Ya ci gaba da aiki da gaggawar wanda ya san kwanakinsa ƙidayayyu ne, yana ƙara gine-gine, yana shirya yadda marayu za su kasance bayansa. Tun da can yakan haɗa kansa da majiyyata in yana musu wa'azi. Yanzu maganar ta tabbata har a jikinsa.

Ɗan Adam tara yake

Kada mu ɗauka Damiyan mala'ika ne. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida yana da saurin fushi da taurin kai, yana kuma son a yi kome yadda shi ya tsara. Ya yi saɓani da ma'aikatan gwamnati, da wasu limaman da aka aiko su taya shi, har da shugabanninsa, waɗanda ba su ji daɗin yadda jaridu suke yabonsa ba, da yadda kuɗin taimako yake zuwa hannunsa kai tsaye. Bai kuma damu da tsabtar jikinsa da ta kayansa yadda ya kamata ba.

Bayan rasuwarsa wani limamin Furotesta a Honolulu, mai suna Charles Hyde, ya rubuta wasiƙa yana kushe shi, har ya ɗora masa zargin lalata wanda bincike bai tabbatar ba. Wanda ya tashi ya kare shi ba ɗan Katolika ba ne. Shi ne marubucin nan ɗan ƙasar Sikotland, Robert Louis Stevenson, wanda ya je Molokayi ya yi kwana takwas a 1889, ya ji ta bakin mutanen da suka san shi. A amsar da ya buga a 1890 bai musanta cewa Damiyan yana da rauni ba. Abin da ya nuna shi ne, mutumin nan mai rauni ya tafi ya zauna, masu sukarsa kuwa suna gidajensu. Ashe sadaukarwa ba ta jiran mutum ya cika goma.

Ba shi kaɗai ba ne

Gaskiya ta wajabta mu faɗi cewa ba Damiyan ne farkon mai sadaukarwa a Molokayi ba. Tun kafin ya zo akwai 'yan ƙasa lafiyayyu, maza da mata, waɗanda suka bi mazansu, ko matansu, ko 'ya'yansu zuwa can da son ransu, domin su yi musu ɗebo ruwa, da girki, da jiyya. Yawancinsu duniya ba ta riƙe sunayensu ba. Ɗaya da aka sani shi ne Jonathan Napela, wani babban mutum ɗan ƙasar, wanda ya bi matarsa a 1873, ya kamu da ciwon, ya rasu a 1879. Ɗarikarsu ba ɗaya ba ce da Damiyan, amma abokai ne. Majiyyata 'yan Furotesta ma sun kafa ikilisiyarsu tun 1866.

A ƙarshen rayuwarsa mataimaka suka zo. Wani limamin Angalika a Landan, Hugh Chapman, ya tara masa kuɗi mai yawa. Joseph Dutton, tsohon sojan Amurka, ya iso a 1886, ya yi fiye da shekara 40 yana kula da yara maza. A watan Nuwamba na 1888 Sista Marianne Cope ta zo da sistocinta, ta zauna har ta rasu a can a 1918.

Akwai darasi na musamman a wurin wannan baiwar Allah. Ta kafa doka mai tsanani a kan wanke hannu da tsabta, ta yi shekara 30 a wurin, ciwon bai kama ta ba, bai kuma kama sistocinta ba. Sadaukarwarta ba ta gaza ta Damiyan ba. Saboda haka kada wani ya ɗauka ganganci shi ne sadaukarwa. Wanda ya ba da kansa ga wasu, wajibi ne ya kula da abin da ya bayar, domin ya daɗe yana amfani.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

A ƙarshen watan Maris na 1889 ciwo ya kwantar da shi. Ya rasu ran Litinin, 15 ga Afrilu, 1889, a cikin makon da ke kaiwa ga Ista, yana da shekara 49. Aka binne shi a gindin itaciyar nan da ya fara kwana a ƙarƙashinta.

A 1936 gwamnatin Beljiyam ta nemi gawarsa, aka tone aka kai Luven, abin da ya baƙanta ran mazauna wurin ƙwarai. A 1969 jihar Hawayi ta kafa mutum-mutuminsa a ginin majalisar dokokin Amurka. A 1995 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana shi mai albarka, a wannan shekara kuma aka mai da ƙasusuwan hannunsa na dama kabarinsa na farko a Molokayi. Ran 11 ga Oktoba, 2009, Paparoma Benedik na 16 ya sa shi cikin jerin waliyyai.

Game da ciwon kuwa, a shekarar da Damiyan ya sauka Molokayi, wato 1873, wani likita a ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar da ke kawo kuturta. Wannan ya nuna ba gado ba ce, ba kuma la'ana ba. An gano cewa wajen mutum 95 cikin 100 jikinsu yana iya kare kansa daga ita, kuma sai an daɗe ana cuɗanya da wanda bai sha magani ba take kama mutum. An sami magani mai aiki a shekarun 1940. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma ake ba da su kyauta. Wata 6 zuwa 12 ake sha a warke, wanda ya fara da wuri kuma yatsunsa ba sa lalacewa. Mu ma ciwon nan ba baƙonmu ba ne, iyayenmu sun san asibitoci irin na Garkida, da Yadakunya, da Amanawa. Duk wanda ya ga tabo a fatarsa wanda ba ya jin taɓi, ya hanzarta zuwa asibiti, mu kuma kada mu guje shi.

Kammalawa

In muka koma kan sharuɗɗan nan uku, za mu ga rayuwar Damiyan ta cika su. Abin da ya bayar nasa ne, wato ƙarfinsa, da ƙuruciyarsa, da lafiyarsa. Waɗanda ya ba ba su da abin biyansa. Da abin ya zo da tsada kuma, bai ce a mayar masa ba.

Ba kowa za a kira zuwa Molokayi ba, ba kuma sai an mutu ake sadaukarwa ba. Cikin ɗaliban da suke fita, wasu za su zama malamai a ƙauyen da ba wuta ba ruwan famfo, wasu ma'aikatan jiyya, wasu za su riƙe tsofaffin iyaye ko marayun 'yan'uwa. Ranar farko kowa yana da zafin nama. Gwajin yakan zo ne daga baya, ranar da albashi ya makara, ko aka saka alheri da zargi, ko wata ƙofa mai sauƙi ta buɗe. A ranar ne ake sanin wanda ya ba da aro da wanda ya ba da sadaka.

Saboda haka, kafin mu ce wane ya sadaukar da kansa, ko mu faɗi haka game da kanmu, mu yi tambaya uku. Me aka bayar? Wa ya ci moriya? An dawo an karɓe, ko kuwa an bari? In amsoshin sun yi daidai, kalmar ta zauna a mazauninta. In ba su yi ba, Hausa ba ta rasa wasu kalmomin yabo ba, sai mu ce ya yi ƙoƙari, ya nuna himma, mu ajiye sadaukarwa domin masu ita. Akwai su a cikinmu, sau da yawa kuma ba su ne suke zama a babban tebur ranar biki ba. Mu neme su mu gode musu tun suna da rai.

Allah ya ba mu zuciyar bayarwa, ya kuma ba mu ƙarfin tsayawa a kan abin da muka bayar. Amin.